Ciyawar Lahadi

Litinin, 20 ga Mayu, bayan tatsar safe

Kotun birni ta dawo mana da ƙuri'armu kamar yadda ake dawo wa yaro da kwanon da bai wanku ba. Wai mu sake. Wai mutanen gari ba su da ikon hana mutum zama ɗan ƙasa sai wani ya miƙe a gaban kowa ya faɗi dalili, an rubuta. Tun kakannin kakanninmu muke taruwa mu ɗaga hannu. Wanda muka yarda da shi ya zama namu, wanda ba mu yarda ba ya ƙara haƙuri. Ba a taɓa tambayar hannu dalili ba. Yanzu alƙalan da ba su taɓa taka kashin saniya ba sun fi mu sanin wanda ya dace da kwarin nan. Raina ya ɓaci, kuma da gaskiyata.

Amma ba kotu ce ta sa na ɗauko alƙalami ba. Mutumin da ake magana a kansa Agim Zeqiri ne, ɗan Kosovo, da matarsa Drita da 'ya'yansu uku, kuma a gidana na ƙasa, can gangare, suke haya, wanda nake hangen hayaƙinsa daga tagar kicin. Ya haura shekara ashirin yana aiki a injin yankan katako. A taron Disamba aka hana su jan fasfo, shaidar zama 'yan ƙasa. Ni ban je ba, ƙuguna bai gama warkewa ba, kuma ban taɓa gode wa ciwo ba sai ranar.

An sa sabon taro ranar 14 ga Yuni. Wannan karon kowa ya gan ni ina tafiya ba sanda.

Laraba, 22 ga Mayu, da azahar

Yaya Wendel ya zo. Shi ne shugaban jam'iyyarmu a gari, shi ne kuma mai rabon makiyayar kan dutse, don haka in ya shigo gida ba ya jira a ce zauna. Ya cinye rabin cukuna kafin ya shiga maganar da ta kawo shi, halinsa ke nan tun muna yara.

Ya ce lauya ya gargaɗe su: kada a ambaci addini, kada a ambaci inda mutum ya fito, kotu za ta watsar. Abin da zai tsaya shi ne a nuna mutum bai bi al'adar gari ba. Na ce to sai su nemo. Ya ce ai sun samu.

"Mutumin da ya tayar da tarakta ranar Lahadi, ana tsakiyar addu'a, har Fada ya dakata da wa'azi. Wa ya manta?"

Na ce ni ban ji ba, ba na gari.

"A gonarki aka yi, Zita. Shi ya sa daga bakinki ake son a ji. Ba ƙarya za ki yi ba, abin da ya faru kawai."

Na tashi na hau goge tukunyar da na riga na goge. Ya ce ba Agim ne abin dubawa ba, Agim ko wani duk ɗaya. Abin dubawa shi ne wa ke da garin nan, mu ko su. In muka ɗaga masa hannu yanzu, alƙalai muka ɗaga wa. Abin haushin shi ne na yarda da wannan maganar tun kafin ya faɗe ta.

Maganar waccan Lahadin kuwa ba zan rubuta ba. Kowa ya san ta.

Alhamis, 23 ga Mayu, da yamma

Drita ta aiko mini da burodin nan nasu mai cuku a ciki, da zafinsa. Kowace Alhamis tana aikowa. Yau ne na fara tambayar kaina ko an ga 'yarta tana hawowa da shi.

Asabar, 25 ga Mayu, da hantsi

Monika ta bugo daga birni. 'Yata ce, ina sonta, amma tunda ta yi digiri biyu ba ta magana da ni, wa'azi take yi mini. Ta karanta labarinmu a jarida. Ta ce kunya ta hana ta faɗa wa abokan aikinta daga inda ta fito. Na ce to ta ce daga rijiya ta fito.

Sai ta saki murya, ta daina turancin jami'a, ta dawo yarinyar da na goya.

"Mama, ciyawarki ce fa. Kina kwance ana yi miki aiki a ƙugu, ni ina zaune a bakin ɗakin tiyata, hadari ya taso, ciyawar shekara guda tana shanye a gona. Duk garin suna coci, ba wanda ya motsa. Shi kaɗai ya fito. Da me shanunki suka ci hunturu?"

Na ce mata ban manta ba, kuma ba ita za ta tuna mini da abin da ke cikin rumbuna ba. Na kashe wayar.

To, ga shi na rubuta. Ba ni na faɗa ba, ita ce.

Lahadi, 26 ga Mayu, bayan coci

Da na buɗe ƙofa da safe na tarar da ɗan dami na busasshiyar ciyawa a kan dakali, bai fi tafin hannu ba, an ɗaure shi da jan zare. Iska ba ta ɗaure abu da zare.

Na jefa shi a murhu na tafi coci. Fada ya yi wa'azi a kan zaman lafiya, bai kama sunan kowa ba, gwaninta ce tasa. Ni dai ina ta kallon hannayen mutane a kan benci, ina tunanin wanne ne ya iya irin wannan ƙulli.

Talata, 28 ga Mayu, bayan tatsar yamma

A shago Klara ta jira har kowa ya fita, sannan ta ce da ita ce ni, da ta ba mutanen gidan ƙasa wa'adi su tashi, a huta da taron gaba ɗaya. Wai don ni take faɗa. Klara da ba ta taɓa ba ni ko ƙwayar albasa gyara ba, yau ita ce mai tausayina.

Na ce mata gidana ne. Mijina marigayi Balz da ubansa suka ɗora kowane katako nasa, kuma ba wanda zai gaya mini wanda zan sa a ciki. Bara waccan ma'aikatan jiha sun hana ni ƙara ɗaki ɗaya tak a jikin rumbuna, a ƙasata, da katakon dajina, wai ya saɓa wa tsarin da wani ya zana a ofis. Na yi faɗa da su har muryata ta dushe. Ban yi wancan faɗan don yau mai shago ta zaɓar mini ɗan haya ba.

Ta sha mur, ta miƙo mini gishirina ba ta ce sai anjima ba. A garin nan in aka daina ce maka sai anjima, ka san an fara.

Alhamis, 30 ga Mayu, da azahar

Burodi ya zo. Na ci. Ba abin da ya same ni.

Asabar, 1 ga Yuni, da la'asar

'Yan jarida sun zo da mota mai rubutu a jiki. Wata yarinya mai gilashi, da takalmin da ba a shiga gona da shi, ta tare ni a bakin garke da waya a hannu. Ba gaisuwa, ba komai, sai tambaya: wai yaya nake ji da zama cikin mutanen da ke ƙin baƙi? Na ce ta matsa, saniya za ta fito. Ba ta matsa ba. Saniya ta fito.

Sun ɗauki hoton coci, da tarin taki, da tsoho Kari yana barci a benci baki buɗe. Na san hoton da za su sa. Kullum haka suke: su zo da labarinsu a aljihu, su nemi fuskar da za ta dace da shi. Ba wanda ya tambayi wa ke share hanyar dutse in ƙanƙara ta zubo, ko wa ya ciyar da Zeqiri da iyalinsa wata biyu lokacin da injin katako ya ƙone. Mu ne. Mu ɗin nan masu ƙin baƙi.

Da yamma na ga maza sun cika a gaban mashaya, har waɗanda ba sa shiri da Yaya Wendel. Yarinyar nan ta tara masa hannaye fiye da yadda zai tara wa kansa a wata guda. Tsoro nake ji.

Lahadi, 2 ga Yuni, da sassafe

Wani damin. Jan zare, ƙulli iri ɗaya.

Na zauna da shi a hannu ina juyawa. In mutanen Yaya ne, cewa suke kada in manta da laifin. In daga gidan ƙasa ne, cewa suke kada in manta da alherin. Ciyawar dai ɗaya ce. Ban ƙona wannan ba, na sa a aljihun tebur.

Talata, 4 ga Yuni, da hantsi

Malama Regula, mai koyar da yaran gari, ta tsayar da ni a hanya. Jiha ta sake aiko da barazanar rufe makarantarmu, a riƙa kwashe yara a mota zuwa ƙasan kwari tun duhu bai waye ba. Ni na fara sa hannu a kan ƙin yarda da hakan tun shekara uku da suka wuce, kuma zan sake. Yaron da aka koya masa karatu a garin da ba nasa ba, da littafin da wani baƙo ya zaɓa, ba ya dawowa. Ga Monika nan shaida.

Malama ta ce in lura da abu ɗaya: in aka cire 'ya'yan Zeqiri uku, yaran ba za su kai adadin da jiha ke nema ba. Na kai wa Yaya maganar da rana. Ya yi dariya ya ce hana fasfo ba kora ba ce, ina za su je, nan aikinsa yake. Ya ce Regula ta tsaya a kan allonta.

Ni dai na san Drita ta daina shuka wake a bayan gida bana. Ban gaya masa ba.

Alhamis, 6 ga Yuni, da yamma

Ba 'yar aike yau, Drita da kanta ta hawo da burodin. Ba ta zauna ba. Ta ce babbar 'yarsu ta dawo daga makaranta ta ƙi cin abinci, ta ƙi faɗin abin da aka ce mata. Ta ce Agim ba ya barci, yana ta haddace sunayen duwatsu da koguna da shekarun yaƙe-yaƙen ƙasar nan, ko za a tambaye shi. Na so in ce mata ba wanda zai tambaye shi sunan kogi. Na ce mata burodin ya yi kyau.

A bakin ƙofa ta juyo ta ce, "Inna Zita, a birni ba a ɗaga wa mutum hannu. Ofis ne, ka cika takarda, shi ke nan. Ni na ce mu tafi tun Disamba. Shi ne ya ce a'a, yana so mutanen da suka san shi su ce masa eh."

Abin da nake faɗa wa Monika ke nan shekara da shekaru, cewa eh ɗin maƙwabci ya fi hatimin ofis. Ashe a duk kwarin nan mai yarda da ni tsakani da Allah ɗan Kosovo ne.

Asabar, 8 ga Yuni, da la'asar

Shanu sun hau dutse. An yi musu ado da furanni da manyan ƙararrawa kamar kowace shekara, amma ba a yi waƙa sosai ba. A bakin gada Yaya ya dafa kafaɗata ya ce shanuna sun samu gefen rana bana, gefen da kowa ke so, kuma baɗi za a sake rabo, ya danganta da yadda mutane suka ji da juna. Ya faɗa yana murmushi. Uwa ɗaya ta haife mu, na san murmushin.

Agim ya tsaya can nesa da yaransa suna kallo. Bara shi ya riƙe mini saniyar gaba. Bana ba wanda ya kira shi, ni ma ban kira ba.

Gida ya yi shiru ba ƙararrawa. Ba na son shirun nan.

Lahadi, 9 ga Yuni, da safe

Dami na uku.

Talata, 11 ga Yuni, da yamma

Na tarar da Agim yana gyara shingen da ke tsakanin gidajenmu, wanda ba wanda ya ce ya gyara. Halinsa ke nan, kuma halin ne ya jawo masa. Na tsaya na riƙe masa sanda yana bugawa. Na tambaye shi ko yaransa suna wasa da jan zare. Ya kalle ni kamar na yi masa wani yare, ya ce bai gane ba. Ko dai ya iya ɓoye fuska, ko ba shi ba ne.

Shi ya kawo maganar. Ya ce ya ji za a tambaye ni a taro.

"Uwar ɗakina, ba na roƙon ki komai. Yayanki yayanki ne, garinki garinki ne. In an tambaye ki, ki faɗi abin da ya faru kawai. Ya ishe ni."

Abin da Yaya ya ce ke nan, kalma da kalma. Duk su biyun abin da ya faru suke so, kuma kowa yana ganin nasa ne.

Na tambaye shi ko ya san cewa a nan, in ciyawa za ta lalace ranar Lahadi, akan je wurin Fada a nemi izini tukuna, ya sanar a coci, sannan kowa ya fito. Ya ce daga baya aka gaya masa. Ya ce shi dai ya ga baƙin hadari, ya ga mabuɗi a jikin tarakta. Ya ce da ya sani da ya je, ai cocin ba nisa. Minti biyar na tafiya ne tsakanin gonata da ƙofar Fada, kuma a cikin shekara ashirin ba wanda ya taɓa gaya masa. Ba a faɗa, kowa ya sani.

Alhamis, 13 ga Yuni, da azahar

Ba burodi.

Na tsara abin da zan faɗa, na maimaita wa kaji. Zan ce eh, Lahadi ce. Zan ce ina kwance a asibiti, kuma ba don shi ba da na sayar da rabin garkena kafin Kirsimeti. Zan ce kotu ta yi mana shisshigi, ban yafe ba, amma ba a kan wuyan mutumin nan za mu rama ba. Zan ce garin namu ne, shi ya sa za mu iya cewa eh da kanmu. Magana huɗu ce. Mace mai shekara sittin da ta taɓa korar ma'aikacin jiha da tsintsiya ba za ta kasa magana huɗu ba.

Juma'a, 14 ga Yuni, da la'asar

Na goge riga. Ƙuguna yana ciwo, ko kuma ina so ya yi.

Asabar, 15 ga Yuni, da safe

Zan rubuta yadda aka yi, a jere, in huta.

Zauren wasannin makaranta ya cika har mutane na tsaye a jikin bango. Ban taɓa ganin haka ba, ko ranar da aka yi faɗa kan maganar gina hanya. Zeqiri da matarsa suna layin gaba, ya sa farar riga, ita ta riƙe jaka da hannu biyu. 'Yan jarida a baya. Meinrad, shugaban majalisar gari, ya buɗe taro ya ce tunda kotu rubutu take so, duk wanda aka tambaya ya ba da amsa gajeriya yadda sakatare zai iya rubutawa. Sannan, kamar yadda aka saba, aka ce iyalin su fita su jira a tsakar makaranta. Da Agim zai wuce ta gefena ya ɗan sunkuyar mini da kai.

Yaya ya miƙe. Ya yi magana mai kyau, ba zan ɓoye ba. Ya ce ba mu da gaba da kowa, amma gari ba tashar mota ba ne. Ya ce abin da ya riƙe kwarin nan ba doka ba ce, abubuwan da ba a rubuta ba ne. Na tsinci kaina ina gyaɗa kai. Sai ya juyo ya kira sunana, na tashi.

"Zita, bara Zeqiri ya tayar da tarakta a gonarki ranar Lahadi ana cikin coci?"

"Eh."

"Ya nemi izinin Fada?"

"A'a."

"Ke kika sa shi? Kin ba shi mabuɗi, ko kin ce ya shiga gonarki?"

Wannan ban shirya mata ba. Ta yaya zan sa shi, ina kwance ban san inda kaina yake ba? Na ce a'a.

Yaya ya juya wa jama'a ya buɗe hannu. Ya ce to kun ji daga bakin mai gona: ranar Lahadi, gonar wani, injin wani, ba izinin Fada, ba izinin mai shi. Ya ce wanda bai san iyakar gonar maƙwabcinsa ba bayan shekara ashirin, yaushe zai sani? Na ga sakatare yana rubutawa da sauri.

Ina tsaye har lokacin. Magana huɗun suna bakina. Meinrad ma ya dube ni ya ce ko da ƙari. Kowa a zauren ya san ƙarin, ba mutum ɗaya da bai san inda nake ranar ba, kuma duk suka zuba mini ido su ga ko zan faɗa. Na buɗe baki. Sai na hango yarinyar nan mai gilashi ta ɗaga waya ta saita ni, fuskarta har da haske, ta samu abin da ta zo nema. Na ga hotona a jaridar gobe: tsohuwa ɗaya mai imani a cikin garin jahilai. Na ga Monika tana nuna wa abokan aikinta. Na ga su Klara da Kari da 'ya'yan 'yan'uwana, mutanen da suka ɗauki gawar Balz, an mai da su abin dariyar ƙasa da bakina.

Na ce ba ƙari. Na zauna.

Aka ce masu ƙi su ɗaga. Ban ɗaga kai na duba ba, amma na ji ƙarar riguna. Aka ce masu yarda. Malama Regula, da matar likita, da wasu 'yan tsiraru a gefe. Hannuna duka biyu suna cikin jaka, sun riƙe mabuɗin gida har ya yi mini shaida a tafi. Ban ƙi shi ba. Ina so a san ban ƙi shi ba.

Da aka shigo da su aka karanta musu dalilin, da sunana a ciki. Agim ya saurara har ƙarshe a tsaye. Bai waiwayo ba.

Lahadi, 16 ga Yuni, da safe

Ba komai a kan dakali. Na duba har ƙarƙashin tabarmar ƙofa.

A coci Klara ta matsa mini wuri a bencinta. Da aka tashi mutane suka yi ta gaishe ni da fara'a, har Kari ya cire mini hula. Ban taɓa jin gaisuwa ta yi mini ɗaci haka ba.

Talata, 18 ga Yuni, da azahar

Monika ta bugo sau uku. Ban ɗauka ba.

Lauya ya ce wa Yaya wannan karon dalilin zai tsaya. Gari ya ci nasara, alƙalai sun ga iyakarsu. Abin da nake so ke nan tun ranar farko, kuma har yanzu ban ce ba na so ba. Sai dai abincin ranata kaji na zuba wa.

Alhamis, 20 ga Yuni, da yamma

Wata mota ta sauke kwalaye a gidan ƙasa. Babu komai a cikinsu tukuna.

Asabar, 22 ga Yuni, da la'asar

Ɗan Yaya ya yanke mini ciyawa jiya, ya juya ta yau, ya ce Litinin zai zo ya kwashe, shi ya hau dutse wurin shanu. Ciyawar bana ta fi ta bara, ta bushe ƙayau, ƙamshinta har cikin ɗaki. Rediyo ya ce sai Talata za a ga ruwa.

Lahadi, 23 ga Yuni, da azahar

Rediyo ya yi ƙarya. Tun ƙararrawar coci ta farko na ga baƙi ya taso ta bayan dutse, daidai inda ya taso bara, in ji waɗanda suka gani. Ban tafi coci ba. Na hau tarakta, na kasa taka kuloci, ƙafar hagu ba ta da wannan ƙarfin tun aikin da aka yi mini. Na gwada har hawaye ya zo. Zan iya zuwa wurin Fada, amma kafin in ja ƙuguna in isa, a gama karatu, ya sanar, maza su je gida su cire rigunan coci, an gama.

Na gangara gidan ƙasa. Agim yana zaune a bencin ƙofa da farar rigar nan, hannayensa a kan gwiwa, yana kallon gonata. Ta bayansa ina hango kwalaye a jere, an ɗaure su da igiya. Ya miƙe ya gaishe ni da ladabi, kamar kullum.

Na ce masa hadari ya taso. Ya ce ya gani. Na ce gonata ce, taraktata ce, ga mabuɗi, wannan karon ni na sa shi, kuma duk wanda ya tambaya zan faɗa da ƙarfi. Na miƙa masa mabuɗin.

Ya kalli mabuɗin ya daɗe. Na ga yatsunsa sun motsa, na rantse na gani. Sai ya mai da hannayensa baya.

"Yau Lahadi ce, uwar ɗakina," ya ce a hankali. "An karanta mini a gaban kowa. Na koya."

Na koma gona ni kaɗai da manjagara. Na tara abin da bai fi cin saniya ɗaya na kwana biyu ba, ruwan ya sauko. Na tsaya a ciki har ya jiƙa ni, ina kallon ciyawar shekara tana yin baƙi.

Yanzu na canza kaya, ina zaune a tagar kicin. An tashi daga coci, mutane suna wucewa da lema, suna ɗaga mini hannu. Garin shiru, ba ƙarar inji ko ɗaya, irin Lahadin da muke so.